Hoton Ƙawata a Asibitin Mishan

Ni ce na ce mata ta sa hannu a takardar. Da wannan zan fara, domin duk wanda na ba labarin nan yakan yi saurin wanke ni, ni kuwa ba wanki na zo nema ba.

Na daɗe a Birmingham. Aikin jinya nake yi a ɗakin yara, ina zaune da ɗiyata a Lozells, a irin gidajen nan da suke manne da juna, waɗanda in maƙwabci ya yi tari sai ka ji kamar ka ce masa sannu. Amma cocina yana Manchester. Mutane sukan tambaye ni ko duk cocin da ke Birmingham ba su ishe ni ba. Abin da ba su sani ba shi ne, a can ake sujada da Hausa duk Lahadin ƙarshen wata, a kaɗa tulu da caki, matan zumunta su ɗaura zane iri ɗaya su yi waƙa har Turawan unguwa su leƙo ta taga. Ban da haka, Fasto da matarsa, wadda kowa yake kira Mama, su ne iyayena a ƙasar nan. Mutanen wajenmu ne, garinsu da namu tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Da na sauka da akwati ɗaya da rigar sanyin da ba ta tare komai, a ɗakin 'ya'yansu na zauna. Da na haihu, lokacin uban yarinyar ya riga ya kama gabansa, Mama ta baro gidanta ta zo ta yi mini wankan jego a bahon Turawa, da tawul da ruwan butar lantarki, ta dama mini kunun kanwa. Wanda ya yi maka wannan ba ka tsayawa auna maganarsa.

Shi ya sa da Fasto ya sanar cewa cocinmu zai kai ziyarar bishara gida Najeriya, kuma tsohon asibitin mishan na garinmu aka zaɓa, kaina ya fi ƙarfin ɗankwalina. A asibitin nan aka haife ni. Wata da watanni muna tara safar hannu, da gidan sauro, da littattafan zane na yara, da ƙwallaye, muna cusa su a akwatuna a zauren coci, ana hawa kai ana dannewa. Masu tafiyar ba mu da yawa. Fasto da Mama, da wasu nas biyu Turawa daga wani coci da muke zumunci da shi, da 'yan matasanmu haihuwar nan waɗanda Hausarsu ta tsaya a sannu da na ƙoshi. Sai ni, nas kuma tafinta. Fasto yakan nuna ni a gaban jama'a ya ce da ɗan gari akan ci gari, a yi dariya, ni ma in yi. Ban taɓa tsayawa na auna ma'anar karin maganar ba.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, mun yi aiki. Mun shafe ɗakin yara da fenti, an gyara famfon da ya shekara yana ɗiga, ni da Turawan nan biyu mun tsaya kafaɗa da kafaɗa da ma'aikatan wurin daga safe har la'asar. Da yamma matasanmu su tara yaran unguwa a gindin mangwaro, a yi ƙwallo, a yi zane, yaran suna yi musu dariyar Hausarsu. Babbar nas ɗin asibitin, wata dattijuwa da kowa yake kira Sista, ita ta karɓi haihuwata, kuma ba ta bari in manta da hakan ko na kwana ɗaya. Masu zuwa asibitin rabinsu ko fiye Musulmi ne, daga unguwannin hayin rafi, domin ciwo ba ya tambayar inda mutum yake sujada.

Rana ta huɗu ina sa wa wani jariri ruwa, na ji an ce daga bayana, "Baturiya, ashe kina da rai? Ina tsarabata?"

Na juya na ga wata mata cikin hijabi ruwan ƙasa tana yi mini dariya da wushiryarta. Wushiryar na fara ganewa. Ƙawata ce ta firamare, benci ɗaya muka zauna tun daga aji ɗaya har muka gama. Da Kirsimeti a gidanmu take cin shinkafa, da Sallah a gidansu nake kwasar nama.

Na ce, "Wa na kama? Har yanzu bakin nan naki bai mutu ba?"

Ta ce, "Ya mutu in ci da me?"

Ɗiyarta ce take kwance a gadon bakin taga, yarinya 'yar shekara tara, siririya, idanunta sun yi rawaya. Sikila ce da ita. Duk wata ake kawo ta a duba jininta a ba ta magani, in kuma ciwon ya tashi a kwantar da ita a sa mata ruwa. Da muka zauna a bakin gadon, ƙawata ta rage murya ta gaya mini cewa zuwan nan ma da ƙyar aka same shi. Surukinta, wanda maganarsa ce doka a gidan, ba ya son asibitin mishan. Sai da Sista da kanta ta ɗauki jaka ta haye rafi ta je ta durƙusa a zaurensa, sannan ya yarda, bisa sharaɗin magani kawai za a je karɓa a dawo. Tun daga lokacin yarinyar ta samu sauƙi, har ta koma makaranta.

Kowace safiya Fasto yakan zaga gadaje yana addu'a. Da ya iso gadonsu ya tambaya da Hausa ko ya yi wa yarinya addu'a, ƙawata ta ce Allah ya ba da lada. Ta ɗaga tafukanta biyu, ta zunguri ɗiyar ita ma ta ɗaga. Da ya gama suka ce amin, suka shafa.

Wanda ya tashi a wajenmu ba zai ga komai a nan ba. A garinmu in mutum ya roƙa maka alheri, ko wane ne shi, sai ka ce amin. Kakata ta rasu da Littafi Mai Tsarki a ƙarƙashin matashinta, amma in tsoho mai goro ya sa mata albarka, har goshi take dafawa tana amin, amin. Ladabi ne, kamar ka ba baƙo ruwa. Fasto ya san wannan kamar yadda ya san sunansa.

Ɗaya daga cikin Turawan nan ta ɗauki hoton lokacin da hannayensu suke sama. Ta nuna mini, kuma gaskiya hoton ya yi kyau, hasken taga ya sauka a fuskar uwa da 'ya. Da yake mutanen nan ba sa wasa da ƙa'ida, ta ciro takardar neman izini ta ce in fassara wa matar. Ina fara bayani fuskar ƙawata ta canza.

Ta ce, "Ke ma kin san gidanmu. A goge kawai."

Na juya zan faɗa wa Baturiyar ta goge, sai Fasto ya matso. Ya yi magana a hankali, da Hausarsa mai daɗi. Ya ce hoton ba inda za shi sai allon sanarwa na cikin coci, don mu riƙa ganin fuskar yarinyar muna tunawa da ita a addu'a. Na ja shi gefe wajen ƙofa.

Na ce, "Baba, takardar ta ce har da website da newsletter, wato shafinmu na intanet da wasiƙar labarai da ake rabawa."

Ya yi murmushi ya ce, "Takardar Turawa ce, haka suke rubutawa. Ɗiyata, ni baƙo ne a ƙasar nan? Ban san abin da zai iya jawo mata ba?"

Kunya ta kama ni, har na ba shi haƙuri. Na koma wurin ƙawata na ce mata na tsaya mata, hoton nan ba zai wuce bangon cocinmu ba, in wani abu ya faru a wuyana. Ta dube ni na ɗan lokaci, ta karɓi biron.

Ta ce, "Ba don takardarku ba. Don ke."

Ta rubuta sunanta da irin rubutun nan mai kwanciya da malaminmu na aji uku ya sha dukanta a kai.

Muka dawo, aka yi sujadar godiya, na koma aikina. Na ga hoton a allon coci, ƙarami, an maƙala shi da fil tsakanin jadawalin shara da sanarwar bikin aure. Hankalina ya kwanta. Ni da ƙawata muka riƙa aika wa juna saƙon murya, yawanci tsiya, wani lokaci yarinyar ta karɓi wayar ta gaishe ni da Turancin makaranta.

Wajen wata biyar bayan haka, ran wata Asabar da hantsi, Hajiya ta kira ni ta ce in biyo ta gidanta in na samu sarari. Hajiya matar wani likita ce, Bakanuwa, suna zaune a Small Heath. A wani shago a Stratford Road muka haɗu shekarun baya, na ji tana yi wa ɗanta faɗa da Hausa a kan alewa, na sa baki, shi ke nan. Da Sallah tana aiko mini nama, da Kirsimeti ina aika mata cincin. Na je a zatona wani abu ne ya samu yaranta. Ta zaunar da ni a kicin, ta zuba mini shayi, ta yi ta kewaye-kewaye, abin da ba halinta ba. Can ta miƙo mini wayarta.

Ta ce, "'Yar uwa, wannan ba cocinku ba ne?"

Hoton ne. An ƙara masa girma, an sa tambarin cocinmu a kusurwa. A ƙasa an rubuta da Turanci cewa uwa da 'ya Musulmi sun karɓi Yesu a gadon asibiti, aka sa sunan garinmu da na asibitin, aka roƙi jama'a su tallafa wa aikin girbin rayuka. Sannan wani ya zagaye fuskar ƙawata da jan layi, ya ƙara nasa da Hausa, wai maza su kula da inda matansu suke kai yara.

Na tambaye ta inda ta samu, ina fatan ta ce wani ne a Manchester ya turo. Ta ce a zauren hirar matan Arewa da suke yi ta waya aka sa, kuma wadda ta sa ɗin daga gida aka turo mata. Wato hoton ya riga ya je Najeriya, ya zaga, har ya dawo ya same ni a kicin ɗin Hajiya. Ni ce ta ƙarshen gani.

Hajiya ba ta zarge ni da komai ba. Abin da ta ce kawai, "Na ga hannun matar, na ce wannan ai amin take cewa." Ita da ba ta taɓa taka garinmu ba, kallo ɗaya ta yi ta gane.

A tashar bas na kira ƙawata, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na kira Sista. Ba ta ko amsa gaisuwata ba. Ta ce sati uku ke nan da abin ya fashe. An tara manyan gida, an zaunar da ƙawata a tsakiya an nuna mata hoton, ta rantse ta kuma rantsewa. Mijinta ya yarda da ita, amma surukin ya ce ƙafar jikarsa ba za ta ƙara taka asibitin mishan ba ko bayan ransa. Ranar duba yarinyar ta zo ta wuce. Kuma ba ita kaɗai ba, mata da dama daga hayin rafi sun ɗauke ƙafa.

Ta ce, "Shekara nawa na yi ina bin zaurukan mutanen nan da gwiwoyina? Kun zo sati biyu, kun shafa fenti, kun tafi." Ta kashe wayar.

Washegari Lahadi na kama motar farko zuwa Manchester. Ana yayyafi tun daga hanya. Ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azin ba, ina zaune ina kallon bakin da ya ce mini ni baƙo ne a ƙasar nan. Da aka tashi, mutane suka nufi teburin shayi, na bi shi ofis. Mama ta biyo mu ta rufe ƙofa.

Na ajiye wayata a gabansa na ce, "Baba, wa ya rubuta wannan?"

Ya gyara tabarau ya duba kamar bai taɓa gani ba. Ya ce committee ne suka shirya, shi dai ya duba kafin a fitar. Na ce to ya duba ya ga ƙarya ya bari. Ya ce in yi hankali da kalmar ƙarya, domin ba wanda ya san abin da Ruhu ya yi a zuciyar matar nan a wannan safiya, ta ɗaga hannu, ta ce amin cikin sunan Yesu, shi ba zai iya rantsewa cewa ba ta karɓa ba.

Nan ne raina ya ɓaci na gaske. Da Baturiyar nan ce ta faɗi haka, da na zaunar da ita na yi mata bayani, don ba ta sani ba. Amma mutumin da uwarsa ta goya shi a kasuwannin wajenmu, wanda ya ce amin ga addu'ar Musulmi sau dubu a gidajen suna da na makoki, shi ne yake dubana yana cewa bai san me amin take nufi ba.

Na ce, "Kai ma da wani Alhaji ya yi maka addu'a ranar da za mu taso daga gida ka ce amin, musulunta ka yi?"

Mama ta ce, "Ke, da babanki kike magana."

Fasto ya sassauta murya. Ya ce in duba abin da idon basira. Cocin Turawan da suke taimaka mana ba fenti suke so su gani ba, 'ya'ya suke so su ga itacen ya ba da. Albarkacin hoton nan an yi alkawarin sa wa ɗakin yara wutar sola, yara nawa za su amfana? Ya ce kuma ai matar ta sa hannu, consent form ɗin, wato takardar izinin, yana nan a fayil, komai bisa ƙa'ida aka yi. Har ya jawo durowa zai nuna mini. Na ce ya bar shi, na san rubutun.

Na gaya masa yarinyar ba ta zuwa asibiti yanzu. Ya ce abin baƙin ciki ne, za a sa ta a addu'a, kuma zai sa a cire hoton daga website a ranar. Ya cire kuwa. Amma magana zarar bunu ce, wa zai bi wayoyin mutanen hayin rafi yana cirewa?

Na roƙe shi abu ɗaya. Ya yi saƙon murya da Hausa, da bakinsa, ya ce kuskure aka yi, matar nan ba ta bar addininta ba, in aika wa Sista ta kai wa surukin. Ya ce zai yi addu'a a kai. Mama ta rako ni har bakin ƙofa, ta riƙe hannuna da hannun nan da ya gasa mini jiki. Ta ce in yi haƙuri, in rufa wa gida asiri, in Turawan suka ji an ce ƙarya aka rubuta, aikin shekaru zai rushe. Ta ce, "Ki tuna mu ne naki a ƙasar nan." Maganar Fasto ta ba ni haushi, amma ta Mama ce ta sa ni kuka a mota har muka wuce rabin hanya.

Saƙon bai zo ba. Na jira sati biyu, na yi nawa, na faɗi sunana da na mahaifina, na ce ni ce tafinta, ina wurin, ga abin da ya faru. Sista ta haye rafi ta kai. Ta ce tsohon ya saurara har ƙarshe, ya ce ya ji, amma wadda ta yi alkawarin farko ai ita ce wannan mai maganar. Ban ga laifinsa ba.

Tun daga nan Lahadin ƙarshen wata nakan karɓi aiki. Ɗiyata ta tambaye ni da Turancinta na 'yan Birmingham me ya sa ba ma zuwa wurin Kaka, wato Mama, na ce mata hanya ta yi nisa. Ban bar bin Yesu ba, shi bai rubuta komai a ƙarƙashin hoton kowa ba. Amma na kasa zama ina kallon allon nan.

Sai da damina ta zagayo a gida sannan ƙawata ta aiko saƙo. Ina ɗakin hutu a wurin aiki da rana, na sa wayar a kunne. Ba ta kira ni Baturiya ba. Ta gaishe ni yadda ake gaida mutumin da ake ganin girmansa, ta tambayi ɗiyata da aiki. Ta ce yanzu babban asibitin gwamnati suke kai yarinyar, tafiyar rabin yini, don haka ba kowane wata ba, sai ciwon ya tashi. Ya tashi sau biyu, na biyun ya taɓa mata ƙugu, tana ɗingishi, makaranta sai jefi-jefi. Ta ce ta ji saƙon da na aiko, da ban wahalar da kaina ba, domin ranar da aka tara manya aka tambaye ta wa ya sa ta sa hannu, ba ta ambace ni ba, ta ce ita ta ga dama. Ta ce ba ta riƙe ni da komai ba, amma in na zo gida kada in haye rafi, ba za ta iya fitowa ba.

Na ɗauka ta gama, sai na ji ta ja numfashi. Ta ce ran nan wata tsohuwa Kirista mai sayar da ƙosai a bakin gada ta ga yarinyar tana jan ƙafa, ta tsayar da su ta roƙa mata sauƙi. Yarinyar ta ɗago kai ta dube ta, tana tambaya da ido ko ta amsa.

Ta ce, "Na ce mata ta amsa a zuci, ta bar hannunta cikin hijabi."

Saƙon ya ƙare a nan. Lokacin hutuna ya cika, na wanke hannu na koma ɗakin yara.